Ki Dubi Mutumin Kafin Ki Dubi Katinsa

Kontagora,
Jihar Neja.

Zuwa ga 'yata Hauwa'u, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, kin samu masauki mai kyau da maƙwabta na kirki. Allah Ya tsare ki a hanya, Ya tsare ki a inda kika sauka, Ya kuma tsare hannunki daga cutar da bawanSa ko da bisa kuskure ne.

Na sa takardar a tsakanin fararen kayan aikinki, don na san su za ki fara fitarwa. Kin san ni, idan muna zaune ido da ido ba na iya doguwar magana. Shekara talatin da biyu na yi ina aikin jinya kafin in ajiye, kuma duk abin da kika ji mutanen unguwa na faɗa a kaina na yabo ne. Yau da kika ɗauki wannan aiki, ya kamata ki ji ɓangaren da ba su sani ba. Littattafan makarantarku sun fi namu, na duba su na gani. Abin da zan ƙara miki shi ne wuraren da na yi tuntuɓe, don ki gane su tun daga nesa.

Ina wata na huɗu da fara aiki aka kawo wani manomi daga wajen Beri. Damina ce, lokacin huɗa. Sansa na noma ne ya harbe shi da ƙafa a gefen hagu tun da hantsi, ƙaninsa ya goyo shi a mashin. Da ƙafarsa ya shigo. Babu rauni, babu jini, sai ɗan shaci a ƙasan haƙarƙari. Na ɗaura masa na'urar awon jini, ta nuna lafiya lau. Na ɗan taɓa wuyan hannunsa, ban ko kalli agogo ba, na rubuta tamanin, don tamanin na ga ana yawan rubutawa.

Ya ce, "Likita, ƙishirwa nake ji. Ga kafaɗar nan ta hagu tana ciwo."

Na ce, "Sa ya harbe ka a ciki, kana kukan kafaɗa? Zauna a benci, za a kira ka."

A lokacin shugabar ɗakinmu wata dattijuwa ce 'yar ƙasar Zuru, Sista Ladi. Ba ta da tsawo, ba ta da yawan magana, Hausarta ma da ɗan karkace take fita. Ta zo wucewa da faranti a hannu, sai na ga ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon bencin. Ta ajiye farantin. Ta je ta kama hannun mutumin, ta buɗe tafinsa, ta ja fatar idonsa ta ƙasa ta duba.

Ta ce, "Usman, nawa ka ƙirga?"

Na ce, "Tamanin, Sista."

Ta ce, "Zo ka sake. Ka dubi agogo, minti ɗaya cikakke."

Na ɗora yatsu. Hannun sanyi ƙalau, da danshi kamar bayan tulu. Jijiyar tana gudu siririya, da ƙyar nake jin ta. Na ƙirga ɗari da ashirin da takwas. Cikin idonsa fari fat. Kafin in buɗe baki ta ce kada a ba shi ko ɗigon ruwa, a kwantar da shi, a sa masa ƙarin ruwa ta jijiya, ni kuma in ruga in kira likita. Da aka buɗe cikinsa a ɗakin tiyata, saifarsa ce ta fashe, jini ya taru a ciki. Ƙaninsa da wasu mutum biyu suka ba da jini. Bayan mako biyu ya fita da ƙafarsa, yana yi wa kowa godiya har da ni.

Da yamma Sista Ladi ta same ni a bakin famfo ina wanke hannu. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi idan jini na zuba a cikin mutum, jiki da kansa yakan matse ƙananan hanyoyin da ke zuwa fata da hannu da ƙafa, ya tura ɗan abin da ya rage zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa, zuciya kuma ta ninka gudu don kada awon jini ya faɗi. Shi ya sa na'ura takan yi ta nuna lafiya har sai abu ya kusa ƙarewa, alhali hannu ya riga ya yi sanyi, jijiya ta riga ta faɗa. Kafaɗar ma, in ji ta, gaskiya mutumin ya faɗa: jinin ne ya taɓa shimfiɗar da ke ƙarƙashin huhu, ita kuwa tushen jijiyarta ɗaya da na kafaɗa.

Uwata, na karanta wannan a makaranta, har na ci jarrabawa a kansa. Amma ranar na fara ganinsa. Mutumin nan bai san inda saifarsa take ba, bai taɓa jin sunanta da Turanci ba, ga shi jikinsa ya shafe awa biyar yana rabon jini da tsari, yana hana wannan yana ba wancan, yana jiran wani ya lura. Babu wanda ya ba shi umarni sai Wanda Ya halicce shi. Na daɗe a tsaye ruwa na zuba a hannuna, ina tasbihi.

To ki riƙe wannan: kada ki taɓa rubuta lambar da ba ki ƙirga ba. Wanda zai karɓe ki aiki zai gaskata ta, likita zai gina hukunci a kanta. Awo ɗaya kuma ba ya isa. Ki auna, ki koma bayan ɗan lokaci ki sake, ki ga ina abin ya dosa. Na san yanzu kuna da ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa ya nuna bugun zuciya da iskar da ke cikin jini. Abu ne mai kyau, da muna da shi da mun ceci mutane da yawa. Ki yi amfani da shi. Amma ba zai gaya miki hannu ya yi sanyi ba, sai kin taɓa.

Daga ranar na riƙa bin Sista Ladi ina satar kallonta. Na lura ba ta fara duba kati. Daga bakin ƙofa take farawa: yadda mutum ya zauna, ko yana dafe da wani wuri, ko yana iya ƙarasa magana ba tare da ya tsaya jan numfashi ba, launin leɓensa, har warin da ke tashi daga gado. Takan gaishe da mara lafiya da sunansa, ta murza hannuwanta su yi ɗumi, ta nemi izini kafin ta ɗaga riga, ta ja labule ko da yaro ne. Na ɗauka ladabi ne kawai. Daga baya na gane mutumin da aka tsare masa mutunci shi ne yake faɗin abin da ya zo da niyyar ɓoyewa.

Kuskurena na biyu fushi ne ya jawo shi. Akwai wani tsohon tela da ke kwance a ɗakinmu saboda gyambo a ƙafa, mai ciwon suga, ana yi masa allura kafin cin abinci. Mutum ne mai kunya, kullum carbi a hannu. Wata rana da azahar na je wanke masa gyambon, sai ya doke hannuna, ya zage ni zagin da ban taɓa zaton ya san shi ba. Zufa ta jiƙe masa riga, hannunsa na rawa, yana kallona kamar bai san ni ba. Na ji zafi. Na tattara kayana na ce idan ya huce na dawo. Har na kai ƙofa, sai idona ya faɗa kan kwanon abincinsa a ƙarƙashin gado, a rufe, ba a taɓa ba. An yi masa allurar, mai kawo abincin ya makara, da aka kawo kuma ya riga ya rikice. Sugan jininsa ne ya faɗi.

Yana iya haɗiya, don haka na dama sukari a kofi na lallashe shi ya sha. Ina tsaye ina kallo, ko minti goma ba a yi ba, idon nan ya dawo, rawar hannun ta tsaya. Ya dube ni ya ce, "Malam Usman, yaushe ka shigo? Ka yi sallah kuwa?"

Bai tuna komai ba, ni ma ban gaya masa ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, hankalin dattijo mai shekara saba'in, da kunyarsa da karatunsa da sanin mutane, duk suna rataye a kan 'yan cokula na sukari a cikin jini. Da na fita na yi minti ashirin ina huce haushi, da sai dai in dawo in tarar da shi a sume. Don haka idan mai haƙuri ya zama mafaɗaci, ko mai surutu ya yi tsit, ko tsoho ya fara kiran ki da sunan wata, kada ki ce hali ne, kada ki yarda 'yan'uwa su rufe zancen da cewa iska ce ko tsufa. Sauyin hali alama ce kamar zazzaɓi. Ki nemi dalilinsa, fushinki ya jira.

Na uku shi ne wanda ban taɓa gaya wa kowa a gidan nan ba sai mahaifiyarki.

Bayan na yi shekara tara ina aiki, aka tura ni wani ƙaramin asibitin ƙauye a ɓangaren Nasko, ni ne babba, ni ne ƙarami. A lokacin na fara jin na iya. Ranar kasuwa ce, layi har gindin bishiyar ɗorawa da ke waje. Wani mutum ya shigo da matarsa, Bakambara, sunanta Tani, da ciki wata takwas, cikin fari. Ba ta jin Hausa sosai, mijin ne ke magana.

Ya ce, "Cikinta ke ciwo, nan sama. Da kai kuma."

Na ce, "Tana cin yaji da tsami?"

Ya ce, "Tana ci."

Na yanke hukunci a nan take: ƙwarnafi ne irin na masu ciki. Ina rubutu, ita kuma tana ta danna ƙasan haƙarƙarinta na dama, tana ƙifta ido, tana kaɗa hannu a gaban fuskarta kamar mai korar ƙuda. Ta faɗi wata magana da yarensu. Na tambayi mijin me ta ce.

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Wai wuta-wuta take gani."

Na ce, "Rana ce, kun sha tafiya."

Fuskarta a kumbure take, na gani, na ce a raina ƙibar ciki ce, tunda ban san ta da can ba. Awarwaron da ke hannunta ya nutse cikin nama, shi ma na gani. Na'urar awon jini tana cikin aljihun tebur, tsakanina da ita bai kai kamu ɗaya ba. Na dubi layi, na ba ta maganin ƙwarnafi da na ciwon kai, na ce na gaba ya shigo.

Washegari da hantsi aka kawo ta a amalanke tana jijjiga, ta tauna harshenta. Sai a lokacin na fito da na'urar, awon ya hau inda ban taɓa gani ga mace mai shekarunta ba. Na yi abin da zan iya, na kwantar da ita ta gefe, na yi mata allurar da muke da ita, muka samu motar kasuwa na shiga tare da ita har Kontagora, kanta a kan cinyar surukarta, hannunta a nawa. An ceci Tani. Ɗan bai zo da rai ba. Namiji ne.

Ciwon kai, ganin wuta-wuta, ciwo a saman ciki, kumburin fuska da hannu, ga mai cikin fari. Ko ɗalibin shekarar farko ya san wannan jeri. Jikin baiwar Allah nan ya faɗi abin da ke tafe ta hanya huɗu, kwana guda kafin ya auku, ya faɗa a fili, a gaban mutumin da aka horar don ya ji. Har yau idan na tuna, abu biyu nake ji tare: nauyin abin da na yi, da mamakin rahamar da ta sa jiki ba ya faɗuwa sai ya yi gargaɗi.

Bayan wata biyu sai ga ta ita da mijin, da ƙwan zabi a cikin ƙwarya. Sun zo godiya, wai na bar aikina na raka su har birni. Na karɓi ƙwaryar. Na ja mijin gefe na ce masa, ranar farko da kuka zo akwai awon da ya kamata in yi ban yi ba.

Ya ce, "Likita, haka Allah Ya so."

Na ce haka ne. Kuma haka ne ɗin. Amma Allahn da Ya ƙaddara, Shi ne Ya ajiye na'urar a aljihun teburina, Ya ba ni ido biyu. Ita Tani ban iya gaya mata ba, ban san yarenta ba, kuma gaskiya ban yi ƙoƙarin neman mai fassara ba. Wannan ma yana cikin abin da nake neman gafara a kansa.

Na je na samu Sista Ladi, lokacin ta yi ritaya tana zaune a gidan ɗanta. Na ba ta labari tun daga farko. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ka gaya wa Allah, ka gaya mini. To ka koma. Gobe wata za ta shigo, ka auna ta."

Na koma. Daga ranar har na bar aiki, babu mai cikin da ta zauna a gabana ta tashi ban ɗaura mata na'ura ba, ko da ƙaya ta zo a cire mata. Na kuma zauna da wata ungozoma ta ƙauyen ta koya mini kalmomin Kambarci na ciwo: kai, ido, ciki, jini, jiri, tun yaushe. Daga baya na ƙara na Fulatanci da na Dukanci kaɗan. Ana dariyar yadda nake furta su, amma ana amsa mini.

Inda za ki, za ki haɗu da mutanen da Hausa ba ita ce harshen uwarsu ba, da matan da miji ko suruka za su amsa a madadinsu. Ki girmama mai rakiya, amma idonki ya tsaya a kan mara lafiya. Ki ce ta nuna miki wurin da yatsa ɗaya. Ki tambaya tun yaushe, me ke ƙara shi, me ke rage shi. Idan ta faɗi abin da ya yi miki kama da shirme, ki rubuta shi yadda ta faɗa, kada ki gyara mata. Layi kuma ba ya ƙarewa, Uwata. Na yi shekara talatin da biyu ina ƙoƙarin ƙarar da shi, ranar da na ajiye aiki yana nan. Minti biyun da za ki ba wanda ke gabanki ba su ne za su hana na baya ganin ki ba.

Idan kuma kin ga abin da ya tayar miki da hankali, ki faɗa wa likita a fili: ga abin da na gani, ga abin da na auna ɗazu, ga na yanzu, ina so ka zo ka duba. Wani zai ɗaga miki murya don ke sabuwa ce. Ki bari ya gama, ki sake faɗa cikin ladabi. Sau da yawa za a zo a tarar ba komai, ki ji kunya. Wannan kunyar ba ta kai kwana biyu.

Saura ɗaya, kuma ke ce a ciki.

Kina wata takwas da haihuwa kika yi mura da zazzaɓi. Na ba ki maganin zazzaɓi na tafi aiki. Kwana biyu kina kuka, a rana ta uku na dawo bayan la'asar na tarar gidan shiru. Na ji daɗi, na ce alhamdu lillahi yarinya ta samu sauƙi. Na zauna a tabarma, an kawo mini abinci, na wanke hannu.

Mahaifiyarki ta fito da ke a kafaɗa ta ce, "Malam, numfashin yarinyar nan bai yi mini ba."

Na ce, "Mura ce, hanci ne ya toshe. Ba ga shi ta daina kuka ba?"

Ta ce, "Ba dainawa ta yi ba, kasawa ta yi. Tun azahar ta ƙi kama nono. In ta kama sai ta saki."

Na ce, "Ni da nake wannan aiki kullum ina gaya miki mura ce."

Mahaifiyarki ba ta yi karatun asibiti ba, kuma ba ta saba musu da ni ba. Amma ranar ba ta bar zancen ba. Ta janye kwanon daga gabana, ta shimfiɗe ki a kan cinyata, ta ɗage rigarki, ta ciro agogona daga aljihun rigar aiki ta miƙo mini. Ta ce, "To ƙirga, yadda kake yi wa 'ya'yan mutane."

Na duba. Duk jan numfashi sai ƙasan ƙirjinki ya lotsa ciki. Ƙofofin hancinki na buɗewa suna rufewa. Akwai wani ɗan gurnani a ƙarshen kowane numfashi, wanda da a asibiti na ji shi, da tuni na miƙe tsaye. Na ƙirga sittin da shida. Na sake, sittin da takwas. Ban tsaya neman hula ba. Mahaifiyarki ta goya ki, muka hau mashin.

Namoniya ce, ta kama huhu biyu. Kwana uku kina kan iskar oksijin, ana yi miki allurai. Ina zaune a gefen gadon da na saba tsayawa a kansa ina ba iyaye haƙuri, ina kallon ƙirjin da bai fi tafin hannuna ba yana aikin da ƙato ba zai jure na awa ɗaya ba. Likitan yara ya ce mini gurnanin nan dabara ce: jariri na rufe maƙogwaro kaɗan don ya tsare sauran iska a huhu kada ya manne. Wata takwas gare ki, ba ki san sunanki ba, amma kin san wannan. A rana ta huɗu da safe na ƙirga arba'in da huɗu, kika juya kai kina neman nono. Mahaifiyarki ta ba ki, kika kama ba ki saki ba. Na fita bayan ɗakin na yi sujada a kan ƙasa.

Mahaifiyarki ba ta taɓa gaya miki ba, don ta rufa mini asiri. Ni kuwa ina so ki sani, saboda dalili biyu. Idan uwa ta ce miki "ba haka yake ba", ki ajiye abin da ke hannunki. Ita ta san yaron lokacin da yake lafiya, ke ba ki sani ba. Yaron da ya yi shiru kuma ya fi mai tsala kuka ban tsoro. Dalili na biyu, idon ma'aikacin jinya ya fi makancewa a kan nasa, don zuciya ba ta son ganin abin da take tsoro. Duk ranar da naki ya kwanta, ki kai shi wani ya duba.

Wannan ya kawo ni ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami tun farko. Ranar Juma'ar da ta wuce, da na dawo daga masallaci na zauna a zaure, kin kawo mini ruwa, kika durƙusa kina cire mini takalmi. Na ji kin danna babban yatsanki a saman idon sawuna, kin ɗan jira, kin duba. Kika ce, "Baba, yaushe takalmin nan ya fara matse ka?" Na ce miki sabo ne, bai saki ba. Kika tashi kika tafi da kofin.

Takalmin ya shekara uku. Amsar gaskiya ita ce wata biyu ke nan. Ƙafafun kan kumbura da yamma, kuma daga masallaci zuwa gida sai na tsaya sau biyu, ina yi kamar gaisawa nake da mutane. Na san abin da wannan ke nufi sarai, na ɓoye wa mahaifiyarki, na ɓoye wa abokaina da muka yi aiki tare, babu wanda ya lura. Ke kika gani, kina durƙushe, cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Da kika fita na bi bayanki da kallo, na rasa abin da zan ce wa Allah sai godiya.

Ranar Litinin na je asibiti. An auna ni, an ɗauki hoton zuciya, likita ya ce ta ɗan gaji amma an zo da wuri. Ya ɗora ni a kan magani, ya hana ni gishiri, mahaifiyarki kuma ta karɓi wannan hukunci da hannu biyu. Kumburin ya fara sauka. Kada ki tayar da hankalinki, kada kuma ki ce za ki dawo, ki tsaya a wurin aikinki.

Kuskure ɗaya kika yi, shi ne da kika karɓi amsata kika tafi. Mara lafiya yakan ɓoye, don tsoro ko kunya ko kada ya ɗora wa nasa nauyi, ko da tsohon ma'aikacin jinya ne, ko da mahaifinki ne. Idan yatsanki ya gaya miki abu, baki ya gaya miki wani, ki zauna ki sake tambaya.

Allah Ya yi miki albarka, Uwata. Allah Ya ba ki ido mai gani da kunne mai ji da zuciya mai haƙuri. Ya sa waraka a hannunki, Ya haɗa ki da manya masu koyarwa, Ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane da na cututtukan da za ki yi ta taɓawa. Kuskuren da ba makawa sai kin yi, Allah Ya sa ya zama mai sauƙi, Ya sa a samu wanda zai tare shi kafin ya kai ga rai. Ki riƙe sallah a kan lokaci, ki ci abinci kafin ki shiga aiki. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce yajin yana cikin jakar gefe.

Na bar ki a hannun Allah, Shi ne mafi iya tsaro. Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Usman